Karan da Na Ba Awaki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa ta uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da sanyin zuciya. Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka, amma ga ni ina aiko maka da wasiƙa ta hannun innarka sai ka ce wanda ya tafi ci-rani. Ka yi haƙuri da ni. Kai ɗan fari ne, ko sunanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da kai in yi ta zuba. Bakina ba zai iya ba. Hannun ma da ƙyar, don rabona da dogon rubutu tun ina lakwal, makarantar boko. A lambu nake rubuta ta, gindin mangwaron bakin rijiya, bayan na yi azahar.

Gobe da hantsi za ka hau mota zuwa Yamai. Abokinka ya samo maka gwaji na mako guda a madafar wani gidan abinci na Sinuwa, mutanen ƙasar Sin. In hannunka ya yi musu su riƙe ka, in bai yi ba ka dawo Filinge. Ran Laraba ka same ni ina wanke albasa, ka durƙusa ka ce, "Baba, an ce ka taɓa aiki da su." Na ce, "Wa yac ce maka?" Na kakkaɓe riga na nufi masallaci, alhali ko ladan bai iso ba. Tun ranar ban ji daɗin raina ba. Amsar tambayarka ce wannan: e, na yi aiki da su, kuma ba gadi na yi musu ba kamar yadda na bari aka riƙa faɗa. Girki na yi. Ba na son ka shiga wurin mutanen nan da hannu wofi alhali ubanka ya san abin da za a tambaye ka, kuma ba na son ka bar gidan nan kana zaton kunyarka nake ji.

Kafin a haife ka ne. Wasu Sinuwa suka kafa shantiye, wato sansanin aiki, a kan hanyar Sanam suna haƙa foraj, rijiyar burtsatse, aka ɗauke ni in riƙa ba ɗan lambunsu ruwa, don sun ji an ce na iya noman rani. Kukunsu wani tsoho ne gajere mai furfura, ma'aikata suna ce masa Baba Maitsinke, saboda da tsinke biyu yake cin komai, har ƙwayar gujiya. Ba ya jin Hausa, Faransancinsa kuma bai fi nawa ba, wato duk mu biyun babu. Da hannu da ido muke magana. A lambun akwai wani ganye da suka zo da irinsa daga ƙasarsu, ɗan'uwan shu ne, wato kabeji, amma ba ya dunƙulewa, yana da kara mai kauri da faffaɗan ganye. Tsohon ya nuna shi ya ce, "Kailan." Mu kuwa muka sa masa ganyen Sinuwa. In dai gidan abincinsu ne, ba makawa sai an miƙo maka shi, don abin da suke kewarsa ke nan in suna nesa da gida.

Wata biyu ina ba shi ruwa safe da yamma. Ranar da ya isa yanka, tsohon ya miƙo mini wuƙa da roba, ya nuna fangalin, ya nuna madafa, ya koma wurin shinkafarsa. Na yanke shi kaf. Na sami inuwa na zauna na miƙe ƙafa, na shiga tsinke ganyen ɗaya bayan ɗaya yadda na ga kakarka tana yi wa zogale da rama tun ina yaro. Ganye cikin roba, kara kuwa in wurga ta bayan shinge. Awakin wani makiyayi suna wurin, suka taru suna ta biki. Har daɗi nake ji, ina cewa a raina yau tsoho zai san ya sami mutum mai tsabtar aiki.

Da ya fito ya leƙa robar, sai ya leƙa bayan shinge. Ban taɓa ganin mai furfura ya yi gudu irin na ranar ba. Ya zagaya ya kama wani kara a bakin akuya, yana ja tana ja, akuyar ce ta yi nasara. Ya dawo yana haki. Na shirya shan faɗa, amma bai ɗaga murya ba. Ya tsugunna ya tsinci guda ɗaya da ya faɗi ta cikin shinge, ya wanke, ya fere bayansa, ya karya ya miƙo mini rabi. Na tauna. Ruwa ne a ciki, da ɗan zaƙi, yana ƙaras-ƙaras a haƙori. A nan na gane karan shi ne abincin, ganyen rakiya ya yi masa. Mutanen da suka yi wata biyu suna leƙa fangalin nan suna haɗiyar miyau, ranar da soyayyen ganye zalla suka ci shinkafarsu. Ganin haka ya fi mini zafi a kan zagi.

To ka ji. A makon nan naka, kada ka zubar da komai sai ka nuna wa babban kuku. Ƙafar kaza, kan kifi, ɓawon wani abu, ruwan da aka jiƙa wani abu a ciki, ɗaga ka tambaya. Kai ma ka iya girki, na sani, duk unguwa ta shaida. Iyawar nan ce abin tsoro, domin hannun da ya saba ba ya jiran kai ya yi tunani. Na san halinka, irin nawa ne, kana ganin tambaya tana rage mutum. Ba ta rage ni ba duk lokacin da na yi ta. Rashin yin ta ne ya mai da ni abin dariyar awaki.

Watakila su aike ka kasuwa, don haka bari in faɗa maka yadda ake zaɓensa. Kada ganye ya ɗauke maka ido, masu sayarwa sun iya yayyafa ruwa su cire wanda ya yi rawaya. Juya damin ka dubi gindin kara, inda wuƙa ta bi. In yana da danshi kuma a cike yake, sabo ne. In ya bushe, ko tsakiyarsa ta yi fari kamar auduga, ko ka ga rami, ajiye musu kayansu ka yi gaba. Kaurinsa ya kasance kamar yatsanka, kada ya wuce babban yatsa. Ɗauki ɗaya ka lanƙwasa, mai kyau ƙas yake karyewa, wanda ya kwana biyu sai ya bi hannunka. Ganyen ya zama kore shar mai duhu. Za ka ga wani fari-fari a bayansa kamar an barbaɗa toka, kada ka ce datti ne ko cuta, haka Allah Ya yi shi, alamar ba a jagwalgwala shi ba ce. Ni na taɓa zama ina dirje shi da soso, tsoho yana kallona yana girgiza kai. Kuma ka buɗe tsakiyar damin, nan ake ɓoye na jiya.

Sai furen. Wannan kam na sha kunya a kansa. An ce mana wani babbansu zai zo daga Yamai duba aiki. Na yi shawara da zuciyata ni kaɗai, na ware layi ɗaya a can ƙarshen lambu na hana a taɓa, ina ƙara masa taki da ruwa, don in fito da abin da zai burge baƙo. Idon manomin hatsi ne da ni. Mu a nan Kurfai zangarniyar da ta fi girma ita ake nunawa, ragon da ya fi ƙiba shi ake yanka wa baƙo. Ranar zuwansa na shigo madafa da dami a kafaɗa, karan ya kusa kai mini cinya, ya yi fure fari fat gwanin sha'awa. Tsoho ya yanki ɗan guntu ya ba ni. Na tauna, na tauna, sai zare, ga ɗaci har maƙogwaro. Ya ɗauki furen ya sa a gwangwani da ruwa ya ajiye a kan tebur, abin da ya samu ke nan daga wahalata. Baƙon ya ci ƙwai da tumatir. Saboda haka ka nemi wanda tohon furensa yake a rufe, ƙanana kamar ƙwayar gero. In ɗaya ko biyu sun buɗe ba laifi. In ya yi fari gaba ɗaya, ya tsufa, na mai neman iri ne. Abin da ya dame ni ba ɗacin ba ne, shi ne na yi abin a ɓoye don a yabe ni ni kaɗai. Da na nuna masa layin tun farko, da ya ce mini a'a da hannu, magana ta ƙare.

In ka sayo ba ranar za a dafa ba, kada ka wanke. Naɗe shi a cikin tsumma mai ɗan danshi ka sa a firigo, ko inuwa mai sanyi. Kwana biyu, uku in ya yi yawa.

Duk da wannan shirmen tsohon bai kore ni ba. Ya jawo ni madafa ina yi masa yanke-yanke. Ina kallon yadda yake dafa ganyen nan, ya tsoma a ruwa ya tsame, ya watsa a kasko ya juye, ina cewa a raina mutanen nan ba su da haƙuri, ɗanyen abu suke ci. Wata rana haƙori ya matsa masa, aka kai shi Filinge wurin likita, aka bar mini madafa. Na ce yau zan gwada musu dahuwa ta gaskiya. Na ɗora tukunya, na zuba ganye da kara, na jefa kanwa don ya yi laushi, na rufe, na ƙara itace. Ya dahu har ya gaji. Na tsame na matse shi da hannu biyu kamar zan yi kwaɗo, abin da Zabarmawa ke ce wa kopto, saura ƙuli-ƙuli kawai. Da suka zauna ci, ɗaya ya sa tsinke ya ɗaga, abin ya zame ya faɗo. Ya sake, ya sake faɗowa. Suka fashe da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na koma bayan madafa ina ƙunƙuni da Hausa, ina cewa mutanen da ba su san gyara ba.

Washegari tsoho ya dawo da kumburarren kumatu. An ba shi labari. Ya kama hannun rigata ya tsayar da ni a damarsa, ya yi komai a hankali don in gani. Abin da na gani ranar shi zan rubuta maka, ka riƙe shi da kyau.

Ka wanke shi ruwa uku, don yashi yana maƙalewa a inda ganye ya haɗu da kara, kuma ƙwayar yashi ɗaya a haƙorin mai ci ta isa ta ɓata maka mako. Datse gindin kamar gaɓar yatsa ɗaya. Mai kauri ka fere bayansa ka tsaga shi biyu a tsaye, don su dahu tare da sirara. Raba kara da ganye. Yanka ɗanyar citta siriri, daddatsa tafarnuwa, ajiye gishiri da sukari da mai kusa da hannunka. Duk wannan kafin ka hura wuta. Girkinmu yana ba mutum dama ya ɗora tukunya ya tafi daka ya dawo, nasu ba ya ba ka damar ko juya baya. Ruwa ya zama mai yawa, ya tafasa sosai, ka sa gishiri da cokali ɗaya na mai. Kara ke fara shiga. Ni ba ni da agogo a lokacin, a zuci nake ƙirga ɗari, sa'annan in tura ganyen in ƙirga talatin. Amma ido ya fi ƙirga. Akwai lokacin da korensa zai tashi ya yi haske, kamar gona kwana uku bayan ruwan sama. Nan za ka tsame. In ka tsaya gyara hula, ya wuce. Babu murfi, babu kanwa, ko innarka ce ta ce ka sa.

Kaskonsu na ƙarfe ne mai zurfi. Bar shi a wuta sai ya fara hayaƙi, sa'annan mai, sa'annan citta, sa'annan tafarnuwa. Kada ka bari tafarnuwar ta yi ja, ɗaci take yi. Da ƙamshi ya bugi hancinka, watsa karan da ganyen, ka juya da sauri. Gishiri kaɗan, sukari abin da yatsu uku za su ɗauka, don ya kwantar da ɗan ɗacin da ke jikinsa, ba don ya yi zaƙi ba. In suna so, sai ɗan baƙin romon nan nasu na kwalba. Sauke. Jera su a faranti kai ɗaya, kada ka tula kamar harawa. Kuma a kai wa mai ci nan take, ba ya jiran kowa. Da tsoho ya gama ya miƙo mini tsinkensa, na kasa riƙewa, na sa hannu. Na ci, na ji kunyar ƙunƙunin da na yi jiya.

Wannan cin da na yi ranar, don na ga duk abin da ya shiga kaskon ne. Amma sauran girki, na yi watanni ina dafawa ban taɓa ɗanɗanawa ba. Kwalabe ne jere a kan katako da rubutunsu, ban san na halas ba, ban san na haram ba, kuma ina tsoron in tambaya a ce na cika tsirfa a sallame ni. Sai in yi kamar na kai cokali baki in mayar. Ran nan na sa gishiri sau biyu a miya ban sani ba. Tsoho ya ɗanɗana ya yamutsa fuska, ya miƙo mini cokali, na ƙi karɓa. Ya tsaya yana kallona. Na nuna kwalaben, na nuna ƙirjina, na ce, "Musulmi." Ka san abin da ya yi? Ya sauko da su duka ya jera a ƙasa. Ya ɗebo waken soya ya ajiye gaban ɗaya, wato da shi aka yi abin da ke ciki. Ya zana wata halittar ruwa a kan yashi gaban ta biyu. Ta uku ya ɗaga ya yi tangaɗi kamar mashayi, ya tura ta can gefe. Ya ɗauko wani sabon kasko ya ɗaura jan zare a mariƙinsa, ya nuna ni. Kaskon nan alade bai taɓa shiga cikinsa ba har na bar wurin. Abin da na yi watanni ina jin tsoro, bai ɗauke mu tsawon shan shayi ɗaya ba.

Kai ka faɗa musu tun ranar farko, da ladabi, ba da ɗaure fuska ba: ga abin da ba na ci, ga abin da ba na ɗanɗanawa, ga lokutan sallata. Mutanen kirki za su gane. In ba su gane ba, ka ɗauko jakarka ka dawo, ƙofar gidan nan ba ta da sakata a kanka. Amma kada ka yi ƙaryar ɗanɗano irin tawa, kukun da ba ya ɗanɗana abincinsa ranar tonon asirinsa tana nan tafe.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake yi mini nauyi.

Na ƙware, ba yabon kai ba. Har ta kai tsoho yana zama a kan kujera yana shan ruwan zafinsa ni ina riƙe da kasko. Ina son aikin nan, ɗana. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ban taɓa yin wani aiki da na so kamarsa ba. Sai aka haife ka. Na zo gida don suna. Ashe taubashina Garba, wanda ka sani mai sayar da igiya a kasuwa, ya taɓa bi ta shantiye a kan amalanke ya hango ni da ƙyalle ɗaure a ƙugu ina juya kasko. Da yamma na isa fada a ƙofar tela, an cika ana shan shayi, sai ya miƙe tsaye ya ce, "Ku tashi ku ba Hajiya tabarma, ta gaji da tuƙin tuwon Sinuwa!" Aka yi ta dariya. Ni ma na yi, don wasan taubashi ba a fushi da shi. Amma sunan ya bi ni. Kafin a yanka ragon sunanka, har mata a bakin rijiya suna cewa ga Hajiyar Sinuwa nan. Na dube ka a hannun innarka, na ce yaron nan zai tashi ana ce masa ɗan Hajiya. Ban koma ba. Ko sallama ban je na yi wa tsohon ba.

Bayan mako biyu direbansu ya tsaya a ƙofar gidanmu ya miƙo mini ɗan ƙunshin takarda. Irin kailan ne, ƙanana baƙaƙe, da jan zare ɗaure a jiki. Babu wani saƙo. Na ce gobe zan je in yi godiya, gobe ta zama jibi, har suka gama aikinsu suka kwashe. Ban san ko yana raye ba. Mutumin da ya koya mini sana'a da hannu da ido, bai taɓa yi mini tsawa ba, na bar shi da kaskona a rataye ban ce masa komai ba. Wannan yana ci mini rai har yau. Duk inda za ka bari, ko korar ka aka yi, ka tsaya ka yi sallama, ka gode wa wanda ya nuna maka ko da riƙon wuƙa ne.

Ka san fangalin nan na bayan rijiya da nake shukawa duk lokacin ɗari, wanda nake ce muku na rago ne? Rago bai taɓa samun komai ba sai tsofaffin ganye. Kowace shekara ina barin layi ɗaya ya yi fure in ɗebi iri, irin tsohon ne har yau bai yanke ba. Akwai kasko a soke cikin jinkar bukkar lambu. In na ga ba kowa, sai in hura 'yar wuta in dafa in ci ni kaɗai kamar ɓarawo. Ina zaton babu wanda ya sani. Da safen nan da nake gaya wa innarka zan ba ta takarda ta kai maka, sai ta ce, "Malam, shekara nawa ni ka wanke rigunanka? Rago na ka cin tahwarnuwa da citta?" Ta ci gaba da tankaɗenta ko kallona ba ta yi ba.

Da ka fara soya ƙwai a teburin mai shayi na ƙyale ka, na ce ƙuruciya ce. Da aka fara kiranka dafa shinkafar biki, mutane suna tare ni a hanya suna cewa hannun ɗanka akwai albarka, sai tsoro ya kama ni. Ka tuna ranar da ka shigo da manyan tukwanenka, na tsaya a tsakar gida gaban ƙannenka na ce, "Namiji da ludayi? Ba cikin gidan ga ba." Na ga fuskarka. Ka kwashe su ka kai gidan abokinka, kuma tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ba kai nake yi wa faɗa ba. Dariyar ƙofar tela nake ji a kunnena, ina tsoron a yi maka ita. Sai na riga kowa yi maka abin da nake tsoron a yi maka. Na yi kuskure, kuma ina neman ka yafe mini. Ban saba faɗin haka ba.

Ɗazu kafin in zo lambu na biya kasuwa wurin Garba. Ya tsufa, haƙoran gaba sun tafi, yana zaune cikin igiyoyinsa. Bayan mun gaisa na ce, "Garba, ka tuna sunan da kas sa mini shekarar da anka haihi yaron ga?"

Ya ce, "Wane suna?"

Na ce, "Hajiyar Sinuwa."

Ya yi ta lalube a ƙwaƙwalwarsa. Ya ce, "Ni nac ce haka?" Sai ya kwashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "Walla ta yi daɗi! Amma ban tuna ba."

Na ce, "Don ita nib bar aikin."

Dariyar ta tsaya. Ya dube ni ya ce, "Kai Mamman, wasa na hwa. Mu da muna cewa Sinuwan ne sunka kore ka." Ya jima yana murza wata igiya a hannunsa, sa'annan ya ce, "Ashe na yi ɓarna ban sani ba."

Ka ji fa. Shekarun nan duka ina ɓuya a bukka saboda maganar da mai ita bai ma san ya yi ba. Ban ji haushinsa ba, kaina na ji wa. Za a yi maka dariya a Yamai, za a yi maka in ka dawo. Masu yin ta za su tafi gida su ci tuwo su manta, kada kai ka ɗauke ta ka ajiye ta shekara da shekaru yadda na yi. Na ce wa Garba gobe da safe ya zo gidana akwai abinci. Ya ce, "Da nama ciki?" Na ce babu, ganye ne, kuma ni zan dafa. Ya ce zai zo ko don ya ga Hajiya a bakin aiki. Na ce ya zo da tabarmarsa.

Ga abin da nake so. Innarka za ta ba ka takardar nan bayan la'asar. In ka karanta kada ka zo ka ce mini komai, ba zan san inda zan sa idona ba. Gobe in an fito sallar asuba gari ya waye, zan zo lambu in yanko fangalin nan, na duba shi yanzu, tohonsa a rufe yake, ya yi daidai. Zan ciro kaskon daga jinka in ratso gari da shi a hannu. A tsakar gida zan hura wuta, inda na tsaya na yi maka maganar nan, ƙofar zaure a buɗe. Ka ɗauko wuƙarka ka zo ka tsaya a damata, kusa, inda za ka ga lokacin da koren yake tashi, don wannan takarda ba ta iya nuna shi. Ni zan yi na farko, kai ka yi na biyu, in ɗanɗana in faɗa maka gaskiya. In kuwa zuciyarka ba ta sauko ba tukuna, ba zan ga laifinka ba. Zan dafa duk da haka, innarka ta zuba maka a kwano ka tafi da shi, ko da yake na faɗa maka ba ya jira.

Cikin takardar nan akwai ɗan ƙunshi da jan zare. Irin ne. In ka sami wuri a can, ko tsohon bokiti ne, ka shuka in ɗari ya sake zagayowa, ka riƙa barin ɗaya ya yi fure. Ka juya bayan ƙunshin. Sunanka ne a rubuce, cikakke, da hannuna. Yau na fara rubuta shi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya wuce da ku Bonkuku da Baleyara lafiya, Ya sauke ka Yamai cikin aminci. Allah Ya tsare ka daga sharrin wuta da wuƙa da mugun abokin zama, Ya sa albarka a hannunka, Ya ba ka farin jini wurin waɗanda za ka yi wa aiki, Ya haɗa ka da mai haƙuri irin wanda Ya haɗa ni da shi. In ka isa ka kira innarka, ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarka. Allah Ya yi maka albarka, Ya maido mana da kai lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Mamman mai lambu, tsohon kuku.